Lens ɗin Canon 24-105 ya faɗi ƙasa: wa zan kai wa gyara?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san cikin lens.

Canon EF 24-105mm f/4L IS USM ne, na farkon, ba mai lamba II ba. Yana ɗaure a kan kyamarar EOS 6D, sai ƙafar da aka ɗora kyamarar a kai ta kife, suka faɗo kan tayil daga tsayin da bai wuce mita ɗaya ba. Bakin lens ɗin ne ya fara dukan ƙasa, kuma ba hula (hood, mai kare bakin lens) a kansa. Filtar UV ta 77mm ta farfashe, zobenta ya lotsa ya ƙi kwantuwa. Zum yana tafiya amma yana cijewa tsakanin 50 da 70. Fokas yana kamawa. Wani lokaci kyamarar ta rubuta Err 01, wani lokaci ta ɗauka lafiya lau. Hotunan da suka fita kuma ina ganin kamar ɓangaren hagu bai kai na dama kaifi ba.

A Kano nake. Irin wane mai gyara ya kamata in nema, kuma ta yaya zan gane wanda ya iya tun kafin ya buɗe? Ko sai na aika Legas ko Abuja? Sannan kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, ko in haƙura in nemi wani na hannu?

Bazazzagi:

Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Kafin maganar wurin kaiwa, ka fara sanin abin da ya lalace, domin wanda ya shiga shago da "duba min" kawai, abin da aka faɗa masa shi zai biya.

Da farko ka daina murɗa zum ɗin ta wurin da yake cijewa. Duk wucewar da ka tilasta masa, wani abu ne yake gurzuwa a ciki, kuma garin da ke fita yana sauka ne a kan gilasai.

Sai filta. Ka kifa bakin lens ɗin ƙasa, ka cire ragowar gilashin da ɗan hantsaki, sannan ka hure da robar hura iska. Kada ƙyalle ya taɓa gilashin gaba sai ka tabbatar ba ɓurɓushi ko ɗaya, don ƙwaya guda ta isa ta ja masa layi. In ya yi tsaf, ka naɗa kyauro mai faɗi a zoben filtar, ko ka kifa shi a kan shimfiɗar roba ka danna kaɗan, ka juya yadda filtar za ta bi saɓanin tafiyar hannun agogo idan kana kallon lens ɗin ta gaba. Kada ka matse zoben da yatsu biyu: yana komawa siffar ƙwai ya ƙara kamewa. Abin da mutane ke mantawa shi ne wurin riƙewa. Ka riƙe bututun gaba, wanda ke fitowa in an yi zum, kusa da filtar. In ka riƙe jikin lens ɗin ta baya ka murɗa da ƙarfi, duk ƙarfin yana bi ne ta kan 'yan ƙananan rolan da ke ɗauke da bututun, waɗanda dama su ne ake zargi sun ji ciwo. Idan ta ƙi, ka bar ta. Mai gyara zai rufe gilashin da kwali, ya yanka zoben filtar da ƙaramin zarto har ya kusa rabewa, ya lanƙwaso shi ciki da filaya ya zare. Aikin minti goma ne a hannun wanda ya saba, amma a hannun mai gaggawa gilashin gaba ne ke tafiya.

Maganar hagu da dama kuma, ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Ga gwajin da za ka yi. Ka nemi abu mai nisa, mita 50 ko fiye, mai ƙananan layuka: hasumiyar masallaci, tankin ruwa, ko ƙarfen sabis. Da safe za ka yi, kafin zafi ya sa iska ta fara rawa, kuma ba ranar da hazo ya sauka ba. Ka sa kyamara a M (saitin hannu), f/4, ISO 100, saurin shota 1/500 ko sama, ka kashe IS (sashen da ke hana hoto rawa). Ka sa abin a tsakiya, ka kunna Live View (kallo ta allon bayan kyamara) ka ƙara girma sau 10, ka daidaita fokas, ka mayar da maɓallin lens ɗin MF (fokas na hannu), kada ka sake taɓa shi. Sai ka ɗauki hoto huɗu, kowanne abin yana kusurwa ɗaya: sama hagu, sama dama, ƙasa hagu, ƙasa dama. Ka yi haka a 24, ka sake a 105. Tsakiyar zum ɗin kada ka yi gwaji a cikinta tunda tana cijewa, ka ratsa ta a hankali kawai. Ka buɗe su a kwamfuta a cikakken girmansu ka jera. Kusurwa dama ba ta kai tsakiya kaifi a f/4, wannan halin lens ɗin ne tun yana sabo. Abin dubawa shi ne ko huɗun sun yi kama da juna. In biyu sun fito tas biyu sun yi dishi-dishi, wani rukunin gilashi ya karkace ko ya goce daga tsakiya.

Sannan ka ari wani lens mai lafiya ka maimaita gwajin a kan 6D ɗin. Tare suka faɗi, kuma mazaunin bodi, wato zoben da ake ɗaura lens a jikin kyamara, shi ma yana iya lanƙwasa. In lens na aro ma ya nuna hagu a dushe, to har bodin yana buƙatar dubawa.

Mai Gyara Sabongari:

Abin da Malam Bazazzagi ya faɗa daidai ne. Bari in ƙara abin da ke ciki, don ka san me za ka tambaya.

Wannan lens ɗin gilasai 18 ne a rukuni 13. Rukunan suna zaune ne a cikin bututu mai yankakkun hanyoyi, kowane rukuni yana tafiya a hanyarsa a kan 'yan rola na roba mai tauri, kowanne da notinsa. In duka ya zo ta baki, abu uku ne aka fi samu. Ko rola ya fashe ko ya lotse, ko notinsa ya lanƙwashe, ko kuma bututun kansa ya ɗan tauye. Cijewa a wuri guda tak, kamar 50 zuwa 70 da ka ce, ta fi kama da tauyewar hanya a daidai nan ko guntun rola da ya maƙale. In rola ne, kayan ba tsada, aikin ne mai yawa. In bututu ne, sauyawa ake yi. Wanda ya ce zai buga shi ya miƙe ko ya goge hanyar da fayil, zum zai saki, amma gilashin zai riƙa lilo a wurin, hoto kuma ba zai dawo ba.

Err 01 ma'anarsa magana ta yanke tsakanin kyamara da lens. Ka fara da mai sauƙi: ka goge 'yan tagullan bayan lens ɗin da na bodi da auduga mai ɗan jiƙon sifirit na isopropyl, ka bari ya bushe, ka duba ko notunan mazaunin sun saki. In bai daina ba, ga yadda za ka kama shi. Ka sa kyamara a Av (inda kai ke zaɓar lambar f), ka ɗauki hoto goma a f/4. Sai ka koma f/11 ko f/22 ka ɗauki goma, a 24 sannan a 105, ko ka danna ɗan maɓallin da ke gaban bodi kusa da mazauni, wanda ke tsuke ƙofar haske, kana leƙa cikin lens ɗin. In a f/4 ba ya kawo matsala amma da ka tsuke sai Err 01 ya fito, to fileks ɗin ƙofar haske ne, wato siririn zirin waya mai lanƙwasuwa da ke kai mata saƙo. Dalili shi ne a f/4 ganyayyaki takwas na ƙofar hasken ba sa motsi, saboda haka kyamara ba ta neman komai daga wannan layin. Wannan ciwo sananne ne a wannan samfurin ko bai faɗi ba, domin fileks ɗin yana lanƙwasa duk lokacin da aka yi zum har ya tsage. Lens ɗin ya fito tun 2005, mai lamba II ya gaje shi a 2016, ka ga mafi yawan waɗanda ke hannun mutane sun sha aiki. Sau da yawa faɗuwar ƙarasa shi kawai take yi.

Gyaransa iri biyu ne. Ko a sauya sashen ƙofar hasken gaba ɗaya, da ganyayyaki da injinsa da fileks, ko a cire tsohon fileks a yi wa sabo soda. Na biyun ya fi araha, amma ingancin fileks ɗin kasuwa ya bambanta, wani ba ya daɗewa. Ka tambaya wanne za a sa maka, a rubuta. Ko wanne ne, sashen yana can tsakiyar lens ɗin, sai an warware kusan komai kafin a kai gare shi. Saboda haka in za a buɗe, a yi zum da fileks a buɗewa ɗaya.

Wurin da ake rabuwa tsakanin masu gyara shi ne mayarwa. A cikin rolan nan akwai waɗanda raminsu ba a tsakiya yake ba, da gangan aka yi su haka, juya su kaɗan yana karkata rukunin gilashi ko ya matsar da shi. Akwai kuma siraran washa a ƙarƙashin mazauni da wasu wurare, kaurinsu bai kai na takarda ba ko ya yi daidai da ita. Da waɗannan kamfani ya saita lens ɗin. Mai gyaran kirki yana yi wa kowanne alama kafin ya kwance, ya mayar da shi raminsa da fuskar da ya same shi. A lens ɗin da bai faɗi ba wannan ya wadatar. A wanda ya faɗi kuwa, saitin farko ya riga ya goce, dole a sake shi: a haɗa, a gwada a kan allon gwaji ko na'urar saiti, a juya, a sake gwadawa, a 24 da tsakiya da 105, domin gyara gefe ɗaya yana iya ɓata ɗayan. Wannan shi ne aikin da ba kowa ke da kayansa ko haƙurinsa ba.

Kada kuma wani ya ce maka saitin AF Microadjustment na cikin 6D zai magance. Wannan yana matsar da fokas ne gaba ko baya gaba ɗaya, daga -20 zuwa +20. Ba ya miƙar da abin da ya karkace.

Abin da za ka lura da shi a teburin mutum: sukundireban JIS masu lamba 0 da 00, domin notunan kayan Japan kan ci kai in aka sa musu Phillips na gama-gari, sifanar buɗe zoben gilashi, tire mai gida-gida na jera noti, wuri rufaffe da ƙura ba ta shiga. In ka ga sufagulu ko gwangwanin feshin mai a kusa, ɗauki kayanka. Tururin sufagulu yana barin farin hazo a gilashi, mai kuma in ya kai ga injin fokas na USM ya gama da shi, domin wannan injin da gogayya yake aiki, a bushe ake son sa.

Hajiyar Situdiyo:

Sannu da wannan rashi, ƙanena. Ni ta ɓangaren nema da ciniki zan yi magana.

Ƙwarewar masu gyaran waya ta allo ce da soda, kuma a nan ba a raina su. Da fileks ne kawai a fili, da sun iya. Amma lens injin gilashi ne, sana'ar daban ce. Mai gyaran kyamara za ka nema, a cikinsu ma wanda ke buɗe lens, don wasu bodi kaɗai suke taɓawa. Hanya mafi kusa ita ce masu bayar da hayar kyamara da masu ɗaukar fim, domin kayansu ne suka fi faɗuwa, sun san hannun da ke mayar da lens daidai. Ka tambayi mutum uku daban-daban. Sunan da ya maimaitu, shi za ka fara gwadawa. In ba a samu a gida ba, Legas ce ta fi yawan masu wannan aiki da kayan gyara, sai Abuja. Ka kuma duba shafin Canon na yankin Afirka ta Tsakiya da ta Arewa, wanda Najeriya ke ƙarƙashinsa, ka ga wuraren gyaran da suka amince da su. Ka kira kafin ka aika, ka faɗi cikakken sunan lens ɗin, ka tambaya ko har yanzu suna karɓar sa, domin kamfanoni kan daina ajiye kayan samfurin da aka daɗe da daina ƙerawa. Garanti kuwa ba ya ɗaukar faɗuwa ko da sabo ne.

Tambayoyin da za ka yi wa duk wanda ka samu: Ya taɓa buɗe wannan samfurin? Bayan ya haɗa, da me yake gwada kaifin kusurwoyi? Kayan da zai sa sabbi ne, ko daga wani mataccen lens zai ciro? Na ciro ba laifi ba ne, bututu da rola na asali da aka ciro sun fi sabon jabu, amma a faɗa maka. Nawa ne kuɗin dubawa in ka fasa gyaran, kuma zai haɗa maka shi yadda ya karɓa? Wata nawa yake tsaya wa aikinsa? Wanda ya yanka maka farashi a waya bai ga lens ba, bai tambayi ta ina ya faɗi ba, ka yi hattara da shi.

Rasit ya ɗauki lambar siriyal, da jerin abin da ya lalace, da sharaɗin ba za a sauya komai ba sai an kira ka. Ka ɗauki hoton lens ɗin ta kowane gefe, da gilashin gaba da na baya a ƙarƙashin fitila, ka ajiye tare da hotunan gwajin nan.

In aikawa za ka yi: ka kashe IS, ka kashe kyamara, ka jira 'yan daƙiƙu kafin ka cire lens ɗin don sashen IS ya kulle kansa. Ka mayar da zum 24 a hankali, in ya yarda. Murfin baya dole ne. In na gaba ya ƙi zama saboda lotsewar, ka rufe da kwali mai tsabta ka ɗaure da salatif a jikin bututu. Leda mai zif, sannan katifa ko ledar kumfa kaurin santimita 5 ta kowane gefe, a kwali mai ƙarfi, ka girgiza ka ji ba abin da ke motsi. Nauyinsa gram 670 ne, in ya samu wurin yin tsalle a but ɗin mota zai ƙara wa kansa ciwo. Kamfanin aike mai ba da lambar bibiya ya fi a miƙa wa direba a tasha.

Lissafi kuma: ka tambayi farashin na hannu mai lafiya a yau. In gyara ya haura rabinsa kuma ba a yi maka alkawarin saitin gilashi ba, sayen wani ya fi, wannan kuma ka sayar wa masu gyara a matsayin kayan ciro. Sai dai na hannun ma ka yi masa gwajin f/22 da na kusurwa huɗu kafin ka biya, tunda shekarunsu ɗaya da naka.

Bakatsine:

Ku gafarce ni in raɓa da tawa, tunda maganar ɗaya ce. Nikon AF-S DX 18-105mm VR ya faɗi tare da bodi, lens ɗin ya ɓalle, haƙoran mazauninsa biyu sun karye. Gilashi lafiya. Shi ma sai an aika?

Mai Gyara Sabongari:

Malam Bakatsine, taka mai sauƙi ce in Allah ya so. Mazaunin wannan lens ɗin roba ne, shi ke karyewa ya ɗauke dukan, kuma ana sayar da sabonsa. Kafin komai ka kifa bodin ka nemo guntayen haƙoran, kada ɗaya ya kasance a akwatin madubi ka danna shota a kansa. Kada a liƙa da gam, ba ya riƙewa, lens ɗin zai sake faɗowa ne ana tsakar aiki.

Wajen sauyawa, notunan ba tsayinsu ɗaya ba, kowanne a mayar da shi raminsa. A fara kwance ƙananan da ke riƙe da layin tagulla da zoben baya, a tura layin ciki a hankali, fileks ne a jikinsa. A ɗaga mazaunin sannu, a wasu akwai siririyar waya haɗe da shi. Washan da ke ƙasa a bar su yadda suke. Sandar ƙofar haske da sifirin ɗinta ana mayar da su kan sabon mazaunin, kuma dole sandar ta faɗa gurbinta a ciki. Gwajinsa: ka tura ta da yatsa, ƙofar ta buɗe, ka saki ta rufe da kanta nan take. In ta tsaya a hanya, ba ta zauna ba, ko sabon mazaunin yana da ɗan tudun roba da ke goga. Sukundireba mai maganaɗisu kada ya shiga can ciki, akwai zirin maganaɗisu da fokas ke karantawa. Duk mai gyaran kyamara mai natsuwa zai yi maka wannan a gida. Bayan nan ka yi gwajin kusurwa huɗu kai ma.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwaje-gwajen. Da lens na aro kusurwoyi huɗu sun yi daidai, bodi lafiya ke nan. Da nawa, a 24 bambancin kaɗan ne, a 105 kuwa hagu sama da ƙasa sun dushe sosai. Err 01 bai fito ko sau ɗaya a f/4 ba, a f/11 ya fito sau bakwai cikin goma. Filtar na bar ta.

Bazazzagi:

To aiki uku ne a gabanka: fileks ko sashen ƙofar haske, rola ko bututun zum, da saitin gilashi. Biyun farko za a iya samun mai yi a kusa, na ukun shi zai raba maka gardamar wurin kaiwa. Kada ka raba aikin gida biyu, wanda zai saita shi ya buɗe. Ka tura wa kowane mai gyara hotunan 105 ɗin nan huɗu tun kafin ka aika, ka ce da irinsu za ka karɓi aiki, a f/4, a wuri ɗaya. Ka nemi a duba tiredin bakin lens ɗin bayan an cire filtar, in ya lotsa akwai matsi na musamman da ake buɗa shi da shi, in ya tsage a sauya zoben gaban. Ka sa a haɗo maka da hularsa, lambarta EW-83H, ka gwada ta a wurin ka ga ta juya ta kulle, domin in bakin bai koma da'ira sosai ba, a nan za ka fara ganewa.